FIM ƊIN SHAIHU UMAR DA MASU KALLONSA: TSOKACI DAGA ƘASAR DAURA

Gabatarwa

Abin da mu ke so mu tattauna a wannan maƙala shi ne fim guda ɗaya na Hausa, watau Shaihu Umar, wanda marigayi Adamu Halilu ya shirya a shekarar 1976, da kuma irin karɓar da ya samu a wurin masu shirya finafinai da matarka tun daga 2016, lokacin da aka sake gano shi bayan an daɗe da fid da rai. Mun zaɓi mu dube shi daga ƙasar Daura ne saboda dalilai biyu. Na farko, cinikin da labarin ya ginu a kansa, watau fataucin bayi daga Kano zuwa hayin hamada, ba baƙon abu ba ne ga wannan ƙasa, domin ɗaya daga cikin hanyoyin ayari masu zuwa Damagaram da Agadas ta nan ta ratsa. Na biyu kuwa, mun sha tambayar ɗalibanmu 'yan ƙasar Daura, waɗanda kusan dukkansu sun san littafin, ko akwai wanda ya taɓa ganin fim ɗin, har yau ba mu sami wanda ya ɗaga hannu ba. Wasu ma sai a bakinmu suka fara jin cewa akwai shi.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, Shaihu Umar ya sami yabon masana na ƙasashen waje, kuma ya cancanci yabon, amma har yanzu bai sami abin da ya ke mai da fim gadon al'umma ba, watau mutanensa su yi ta kallonsa suna gardama a kansa.

Kalmomi biyu da ba mu da su tukuna

Kafin mu shiga cikin fim ɗin ya kamata mu daidaita a kan kalmomi, domin mai tarke ba ya aiki sai da su. Masana fim na ƙasashen Turai sun ware finafinai iri biyu daga sauran. Iri na farko su ne tsofaffin da ba su gushe ba, waɗanda kowane zamani ya ke komawa gare su, masu koyon sana'ar kuma su ke ɗaukar darasi daga cikinsu. A wannan maƙala za mu kira su finafinan gado. Iri na biyu su ne waɗanda mai shirya su bai sa kasuwa a gaba ba, ya fi damuwa da abin da ya ke son faɗi da yadda zai faɗe shi da hoto, ko da kuwa masu kallo za su yi kaɗan. Waɗannan za mu kira su finafinan nazari. Ba mu ce kalmomin nan sun zauna daram ba, in wani a zauren nan yana da waɗanda suka fi su dacewa muna maraba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne mu lura da yadda fim ya ke kai wa ga wannan matsayi a can. A shekarar 1936 wani Bafaranshe mai suna Henri Langlois da abokansa suka kafa ma'ajiyar finafinai a birnin Faris. Ya yi ta tattara tsofaffin finafinan da kamfanoni suka gama cin kasuwarsu, yana adana su, yana kuma nuna su dare bayan dare ga duk wanda ya zo. Cikin samarin da suka lazimci wurin akwai François Truffaut da Jean-Luc Godard. Su ne suka yi ta rubutu a mujallar Cahiers du Cinéma, wadda aka kafa a 1951, suna yabo suna kushewa, kafin su da kansu su ɗauki kyamara a ƙarshen shekarun 1950. Da alƙalaminsu ne Alfred Hitchcock, wanda da a ke ɗauka mai nishaɗantar da 'yan kallo ne kawai, ya shiga sahun manyan masu fasaha. A Ingila kuma mujallar Sight and Sound ta kan tambayi matarka duk bayan shekara 10, tun daga 1952, su zaɓi finafinan da suka fi kowanne. A zaɓen farko fim ɗin nan na Italiya mai labarin satar keke, wanda Vittorio De Sica ya shirya a 1948, shi ya zo na ɗaya. A zaɓen 2022 kuwa finafinai biyu na Senigal sun shiga cikin ɗari na farko, watau La Noire de… na Usman Sembene, na 1966, da Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty, na 1973.

Ke nan tukunyar a kan duwatsun murhu uku ta ke zaune: ma'ajiyar da za ta tsare fim, da wurin da za a riƙa nuna shi a kai a kai, da kuma alƙalamin da zai yi gardama a kansa. Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma a ke magani, amma fa sai an sami wanda ya ajiye ta, aka kuma san inda ya ajiye.

Daga majigi zuwa 1976

Mutanen ƙasar Hausa sun fara sanin hoto mai motsi ta ƙofofi biyu. Ƙofa ta farko ita ce majigi. Gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da ta ke mulka a 1939, daga baya kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta sami nata. Mota ta kan iso gari da la'asar, a yi shela, bayan sallar isha a kafa farin ƙyalle a fili, galibi a ƙofar sarki ko ta hakimi, a nuna tsabta da rigakafi da noman zamani, mai fassara yana bayani da lasifika. Dattawa da yawa a garuruwa irin su Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa ta wannan hanya suka fara ganin fim, kuma har yau wasunsu suna tuna Baban Larai, wanda ya ke koyar da noman auduga. Majigi kyauta ne, da yardar sarauta a ke yin sa, saboda haka bai ɗauki baƙin jinin da siliman ya ɗauka ba.

Ƙofa ta biyu ita ce gidan siliman na kuɗi. A Kano an buɗe Rex a 1937, aka buɗe Palace a farkon shekarun 1950, kuma daga wajen wannan lokaci ne Kwarori masu gidajen suka fara shigo da finafinan Indiya. A nan akwai abin lura. Fim ɗin Mother India, wanda Mehboob Khan ya shirya a 1957, ya yi shekara da shekaru ana maimaita shi a gidajen siliman na Arewa, mutane suna komawa, har wasu suka haddace shi ba tare da sun ji Indiyanci ba. Babu mujallar da ta gaya musu fim ne na gado, su suka mai da shi haka da ƙafafunsu da kuɗin tikitinsu. Wannan ya isa ya rushe zancen da a kan yi cewa ɗan kallon Hausa ba ya iya zama ga dogon fim mai nauyi. Mother India ya doshi awa uku, kuma labarin wahalar uwa ne tun daga farko har ƙarshe.

Adamu Halilu ɗan ƙofa ta farko ne. An haife shi a Garkiɗa a 1936, ya yi shekaru yana shirya finafinan wayar da kai na gwamnati, daga baya kuma shi ne ya fara shugabantar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979. Ya rasu a 2001. Labarin da ya ɗauka kuwa sananne ne: Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi domin gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, Mervyn Hiskett ya fassara shi da Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. Umaru Ladan ɗin ne kuma ya fito a matsayin Shaihu Umar a fim ɗin, tare da su Umaru Dembo. Gwamnatin Tarayya ce ta ɗauki nauyin aikin, aka nuna shi a bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas a farkon 1977.

Feɗe fim ɗin

Zubin fim ɗin na littafin ne. Malami yana zaune da almajiransa, aka tambaye shi asalinsa, ya buɗe baki, daga nan sai mu koma baya tare da shi: rasuwar mahaifinsa, da auren uwarsa da Makau, da korar Makau, da rabuwarsa da uwar, da faɗawarsa hannun masu bayi, har ya zama ɗan riƙon Balarabe Abdulkarim, ya yi karatu ya zama malami, sa'an nan mafarki ya tashe shi neman uwarsa. Tsawonsa minti 142 ne, mai launi, da Hausa tun daga farko har ƙarshe.

Abu na farko da ɗan kallon yau zai yi ƙorafi a kai shi ne jinkiri. Wanda ya saba da fim ɗin da a ke yanka hoto duk bayan daƙiƙa biyu ko uku zai ga kamar tafiyar ba ta ci. Mu a ganinmu mafi yawan jinkirin nan daidai ya ke, domin saurin zaure ne, kuma a zaure aka ba da labarin. A fadar Hausa ta wancan zamani ma'ana tana cikin tsarin magana ne: wa ya fara gaisuwa, wa ya faɗi, wa ya yi magana da bakinsa, wa aka yi wa magana ta bakin wani, tsawon wane lokaci aka yi shiru kafin a yanke hukunci. Mai shiri da ya datse waɗannan domin ya yi sauri, ya datse labarin ne. Baƙo zai kalli irin wannan fitowa ya yaba natsuwar kyamara, ya kwatanta ta da ta Satyajit Ray na Indiya ko ta wasu masu finafinan nazari. Mutumin da ya taɓa zama a fadar Daura ranar da a ke gaisuwar Juma'a kuwa zai karanta matsayin kowa daga inda ya zauna. Na biyun nan ya fi na farko ganin abin da ke gabansa, sai dai shi ba a tambaye shi ba.

Amma ba duk jinkirin ne za mu kare ba. A wurare da dama ana jin ƙamshin dandamali, inda 'yan wasa su ke faɗin abin da ya kamata hoto ya nuna, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga aikin da ya biyo ta hannun masu wasan kwaikwayo. Har wa yau akwai ragowar halin majigi, watau son a tabbatar kowa ya ɗauki darasi kafin a naɗe ƙyalle. Wanda ya yi shekaru yana koya wa jama'a tsabta da hoto da wuya ya bar ɗan kallo ya yanke wa kansa hukunci. Ambaton wannan ba rage darajar aikin ba ne. Fim ɗin da ba a iya faɗin aibinsa kayan ado ne na bango, ba a mu'amala da shi.

Yanzu sai mu zo ga wurin da ya fi nauyi, watau bauta, kuma a nan za mu ɗan daɗe.

Lokacin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ke rubutu a 1933, bauta ba tarihi ba ce tukuna. Dokar Lugga ta hana kamu da ciniki, ta kuma 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga Afrilu 1901, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Watau marubucin yana zaune ne da mutanen da aka kama da kuma waɗanda suka yi kamun, a gari ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya. Wannan ya bayyana sautin littafin. Ba ya ihu, ba ya la'antar kowa a dunƙule. Yana da ubangiji na kirki da mugu, kamar yadda ya ke da bafade na kirki da munafuki. Mu dubi Makau. Shi ne mutumin kirkin da aka zalunta, mai karatu yana tausaya masa. To, amma mene ne sharrin da aka yi masa? An ce ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo a hari. Ke nan zaluncin da labarin ya tsaya a kansa shi ne ƙaryar da aka yi wa mai kamu, su kuwa waɗanda aka kamo an wuce su kamar yadda a ke wuce kayan ganima. Sa'an nan tsarin da ya raba Umar da uwarsa shi ne dai ya kai shi ga Abdulkarim da ilmi da ɗaukaka, shi ne kuma ya ja uwar daga hannu zuwa hannu har hayin hamada, ta gan shi a ƙarshen ƙarfinta. Jigon haƙuri da yarda da ƙaddara ya lulluɓe duka biyun da mayafi ɗaya.

A littafi mayafin yana rufewa, domin muryar Shaihu ce kaɗai mu ke ji, murya ce kuwa ta dattijon da ya riga ya yafe. A fim ba ya rufewa sosai. Gani ya kori ji. Da zarar an ɗora labarin a kan ƙyalle, wanda a ke sayarwa ya sami fuska da idanu, kuma kyamara ba ta da kunyar da mai ba da labari ya ke da ita. Shaihu yana iya taƙaita shekarun wahalar uwarsa da 'yan jimloli, amma ɗan kallo da ya ga mace tana tafe tana neman ɗanta ba zai koma gida da labarin malami kaɗai ba. Sunan littafin da na fim ɗin na ɗan ne, nauyin kuwa a kan uwar ya ke. Muna ganin a nan ne fim ɗin ya fi ƙarfi, kuma ƙarfin ya fito ne daga saɓanin da ke tsakanin abin da bakin mai labari ya ke faɗi da abin da ido ya ke gani. Ko Adamu Halilu ya nufi haka ko sana'ar ce ta rinjaye shi, sakamakon ɗaya ne ga mai kallo.

Kwatanci zai taimaka. A 1977, shekara guda bayan Shaihu Umar, Usman Sembene ya fito da Ceddo, wanda shi ma ya taɓo sarauta da malanta da cinikin bayi a Afirka ta Yamma. Sembene da fushi ya zo, yana tuhumar masu iko ɗaya bayan ɗaya, gwamnatin Senghor kuwa ta hana nuna fim ɗin a Senigal na wasu shekaru, da hujjar wai an rubuta sunansa da harafin d biyu maimakon ɗaya. Shaihu Umar da kuɗin gwamnati aka yi shi, daga littafin Firayim Ministan farko, shekara 10 bayan kisansa, domin a nuna wa baƙi a bikin ƙasa. Ba a sa ran irin wannan aiki ya tuhumi kowa. Matarkan waje sun fi sabawa da irin muryar Sembene, saboda haka ko dai su ɗauki shirun Shaihu Umar a matsayin rauni, ko kuma su ɗora masa tuhumar da bai yi ba. Bahaushe ya san shiru iri iri ne, akwai na yarda, akwai na kunya, akwai na wanda abin ya fi ƙarfin bakinsa. Rarrabe wanne ne a wace fitowa aiki ne da sai mai jin harshen da al'adar zai iya.

Ƙasar Daura tana da abin cewa a nan fiye da wurare da yawa. A ƙarni na 19 ta rabu, Fulani suna birni, zuriyar sarakunan Haɓe suna Zango da Ɓaure, Damagaram tana danno ta daga arewa, Kano da Katsina suna kudu da yamma, har zuwan Turawa da suka mai da Malam Musa gadon Daura. M. G. Smith ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1978 a kan al'amuran Daura. Ƙasar da ke kan iyaka irin wannan ta san hari ta kowace fuska, ta kai an kuma kawo mata. Akwai gidajen da har yau a ke tuna kakar da aka ɗauke ba ta dawo ba, akwai kuma waɗanda a ke sanin asalinsu amma ba a faɗi. In aka nuna fim ɗin nan a gaban irin waɗannan mutane, gardamar da za ta biyo baya ba irin ta zauren taro ba ce, kuma ita ce tarken da fim ɗin ya ke jira tun 1976.

Ɓata da ganowa

Dalilan ɓatan fim ɗin ba ɓoyayyu ba ne. Fim irin na da a kan zare a ke ɗaukarsa, a naɗe a cikin gwangwani, zaren kuwa ba ya shiri da zafi da laima. In ya fara lalacewa ya kan yi wani tsami mai hawa kai, ya kan yamutse, launinsa ya koɗe. Kwafi kaɗan a ke bugawa saboda tsada. Gidajen siliman na kasuwa a hannun masu shigo da finafinan Indiya da na Sin da na Amurka su ke, ba su da wata riba a fim ɗin gwamnati. Sa'an nan faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa ɗaukar fim a kan zare ya gagari kusan kowa, kaset ɗin bidiyo ya maye gurbi, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a 1990, sabuwar sana'a ta tashi wadda ba ta gaji komai daga hannun su Adamu Halilu ba domin ba ta gan su ba.

A 2016 aka gano gwangwanayen Shaihu Umar a cikin ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Sunan da ya fi fitowa a wannan aiki shi ne na Didi Cheeka, mai shirya fim kuma matarki, na ƙungiyar masu sha'awar fim ta Legas, wanda ya yi ta bin tsofaffin ɗakunan ajiya da aka yi watsi da su. Cibiyar Arsenal ta birnin Balin ta gyara fim ɗin da taimakon ofishin jakadancin Jamus da ke Abuja, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a Fabrairu 2018. Wannan ya zo daidai da wani yunƙuri mai faɗi, domin a 2017 gidauniyar Martin Scorsese ta haɗa kai da UNESCO da ƙungiyar masu shirya finafinai ta Afirka a kan gyara finafinai 50 na nahiyar. Daga bisani kuma Jami'ar Jos ta buɗe karatun digiri na biyu a kan adana finafinai, da haɗin gwiwar Jamusawa.

Duk wanda ya sa hannu a wannan ya cancanci godiya, kuma abin a faɗa ne cewa ba daga cikinmu masu nazarin Hausa yunƙurin ya taso ba, alhali mun yi shekara 40 muna koyar da littafin muna ambaton fim ɗin a jimla ɗaya. Dutse ɗaya na murhun ya samu ke nan, watau ma'ajiya. Sauran biyun suna Balin da Legas. Mutanen Daura sun san labarin rijiyar da ke da ruwa amma ba a ɗiba sai ranar Juma'a. Halin da Shaihu Umar ya ke ciki a ƙasar Hausa bai ma kai na Kusugu kafin zuwan Bayajida ba, domin su can sun san ranar ɗiba.

Masu shiri da matarka na gida

An sha zargin masu finafinan Kano da kwaikwayon Indiya, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan yadda wannan ya faru. Mu dai ba mu ga laifin wanda ya yi koyi da abin da ya buɗe ido ya gani ba. Truffaut ya zama abin da ya zama ne domin Langlois ya buɗe masa ƙofa kowane dare. Saurayin da ya tashi a Kano ko Katsina ko Daura a shekarun 1980 ƙofar da aka buɗe masa ta Bombai ce. Ba a nuna masa Shaihu Umar ba, ba a nuna masa Kanta na Kabi da Adamu Halilu ya shirya bayansa ba. Haka nan bai san cewa da ya ƙetare iyaka ta Kwangwalam zai shiga ƙasar Mustafa Alhasan, wanda ya fara shirya finafinai tun farkon shekarun 1960 ya kuma zauna a Tawa, da Umaru Ganda, wanda ya fara cin babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972 ba. Tsakanin Daura da Damagaram tafiyar 'yan awoyi ce a mota, amma a sha'anin fim sai an bi ta Faris kafin a san juna.

Tarken da ya taso tare da bidiyo kuwa, tun daga mujallu irin su Fim da aka fara bugawa a 1999, ya yi amfani ƙwarai wajen adana tarihin sana'ar, sai dai tambayar da ta mamaye fagen, musamman bayan kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001, ita ce ko fim yana gyara tarbiyya ko yana ɓata ta. Tambaya ce mai muhimmanci, amma ba ta koya wa kowa inda zai ajiye kyamara. Mu ma a jami'o'i da kwalejoji abin da mu ka fi yi shi ne mu ɗauko awon da mu ke yi wa ƙagaggen labari, jigo da salo da taurari, mu ɗora wa fim, kamar dai fim littafi ne da aka karanta da ƙarfi. Har yanzu ba mu daidaita a kan sunan hoton da aka ɗauka daga nesa da wanda aka ɗauka dab da fuska ba, balle sunan yadda a ke haɗa fitowa da fitowa. Irin waɗannan kalmomi ba a zaune a ke ƙirƙiro su ba, a gaban fim a ke samunsu, sa'ad da mutum biyu su ke jayayya a kan abin da suka gani yanzun nan.

Abin da a ke bukata domin a fara bai kai wahalar da a ke zato ba. Fim ɗin yanzu yana cikin na'ura, ba sai an nemi injin zare ba. Ba ya bukatar fassara a nan, rubutun da aka sa wa Turawa a ƙasan hoto ma sai a kashe shi. Izini daga Hukumar Finafinai a Jos, da farin ƙyalle, da janareta, da yardar fada, su ne kayan aikin, watau dai kayan majigi. Lokacin Sallar Gani, sa'ad da 'yan ƙasar Daura na nesa da na kusa su ke hallara, ya fi kowane lokaci dacewa, a kuma maimaita a Zango da Ɓaure, kashegari a zauna da ɗaliban Kwalejin Yusufu Bala Usman da masu shirya fim da aka gayyato daga Kano da Katsina. Wajibi ne a sa dattawa a sahun gaba, a kuma ɗauki maganarsu a rubuce. 'Yan wasan 1976 sun tashi a hannun mutanen da suka ga ƙarshen zamanin da labarin ya ke magana a kai, saboda haka naɗin rawaninsu da kayan dokinsu da yadda su ke durƙusawa shaida ce ta tarihi, kuma masu iya cewa wannan daidai ne, wancan kuwa ba haka a ke yi ba, suna raguwa kowace shekara. Bayan Shaihu Umar akwai Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa, na 1991, da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu, na 1992, wanda aka ɗauko daga wasan Umaru Ɗanjuma Katsina; su ma a kan zare aka ɗauke su, kuma su ya kamata su biyo baya a jerin abin da za a nema daga Jos.